Rabin da Kawu Ya Rage Mini

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a wannan birni tare da tsofaffinsu, ko Allah zai sa wani ya gane abin da ni na riƙe a hannuna ban gane ba. Alhaji Yusha'u ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni a Kaduna tun ina firamare, shi ya buɗe mini hanyar zuwa Amurka karatu, kuma bara, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ni da 'yarsa Rabi muka yi jinyarsa.

Sai dai kafin in faɗi ciwon dole in faɗi darar, domin ba za a fahimci ɗaya ba sai da ɗayar.

Abin da Kawu ke kira dara shi ne wasan cike gurabe da ake bugawa a bayan jaridun Ingila: akwati ne mai gidaje farare da baƙaƙe, ana cike fararen da kalmomi, wasu a kwance, wasu a tsaye. Kowace kalma tana da jimlar da ke nuna ta, amma jimla ce mai lulluɓi, wadda ke kai mutum gabas alhali amsar tana yamma. Kawu yana kiran jimlolin tarko, wanda ya shirya su kuma mai tarko. Ya koyi wasan a makarantar kwana a Zariya, daga wani malaminsu Bature da ke bar musu tsofaffin jaridu, waɗanda kafin su iso labarinsu ya riga ya tsufa. Kawu yakan ce shafin baya ne kaɗai ba ya tsufa.

Ina tuna shi a barandar gidanmu na Kaduna bayan la'asar, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, jarida a ninke huɗu a kan gwiwarsa, matarsa, Allah ya jiƙanta, tana tsintar shinkafa tana ce masa, "Alhaji, da ana biyan ka wannan aikin da mun gina bene." A nan al'adarmu ta samo asali. Kamar yadda babba ba ya suɗe kwano, yakan rage wa yaro loma, haka Kawu ba ya taɓa ƙarasa dara. Sai ya bar kalma ɗaya ko biyu, ya turo mini takardar, ya ce, "Nuhu, ga ragowarka." Ina ɗan shekara goma sha biyu nake kwana da ragowar nan a kai. Na yi digiri, na yi aure, na fara furfura, ina koyarwa a kwaleji, amma ragowata ba ta taɓa wuce kalma biyu ba.

Da ya yi ritaya daga ofishin jakadancinmu na nan Amurka bai koma gida ba. Ya zauna a ɗakinsa na hawa na huɗu a unguwar Tremont, cikin Bronx, inda matarsa ta rasu, masallaci na tsallaken titi. Duk Asabar nakan taso daga unguwarmu ta Flatbush, in tsaya shagon wata 'yar Gana in sayi ƙosai da koko, in hau wurinsa. A da sai mun aika a sayo jaridar a Manhattan, ta kwana ɗaya a hanya. Yanzu injin buga takarda ke fito mana da ita. In mun gama, sai ya rubuta sharhi a wani dandalin intanet na masu sha'awar wasan, inda tsofaffin malamai da lauyoyi daga ƙasashe daban-daban ke jiran hukuncinsa. Ma'auninsa ɗaya ne: mai tarko na kirki yana ɓoye hanya, amma ba ya toshe ta.

Wata Asabar cikin kaka na same shi a kujerarsa ta bakin taga. Ya turo mini takardar. Ɓangaren dama a cike yake tsaf da rubutunsa mai kyau. Ɓangaren hagu, daga sama har ƙasa, fari fat.

Na ce, "Kawu, yau rabin kwano aka ba ni?"

Ya ce, "Wane rabi? Na cinye ta, sai ɗan abin da na rage maka."

Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne irin nasa. Na lura ya zuba shayi ya ɗan zube a gefen kofi, na lura kafaɗarsa ta bugi ƙofa da zai shiga kicin, na ce a raina tsufa ne. Abin da ya cika mini zuciya shi ne, bayan shekaru kusan arba'in, Kawu ya yarda na isa a raba dara da ni biyu. Na ninke takardar na sa a aljihu don in ƙarasa a jirgin ƙasa. Da na isa gida na ce wa matata Hadiza, "Yau Kawu ya ƙara mini girma." Ta ce, "A shekara hamsin? To, barka da yaye."

Washegari bayan azahar Alhaji Isifu ya kira ni, maƙwabcin Kawu ne, mutumin Kumasi, direban tasi. Ya ce, "Malam Nuhu, ka taho maza-maza. Alhaji ya faɗi a bakin masallaci wajen takalma. Mun kira motar asibiti, ina bin su a baya."

Makon farko a asibiti ba na son tuna shi. Mun daɗe a kan gadon turawa a cikin baranda, labule kaɗai ya raba mu da wani mai ihu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke yi wa Kawu magana da ƙarfi, a hankali, kamar ga yaro, don sun ga hula da doguwar riga, alhali mutumin nan ya fi su sanin Turancinsu. Amma ba zan yi butulci ba: a barandar nan wata ma'aikaciyar jinya ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe masa ƙafa.

Likitar, wata matashiya, ta tambaye ni yaushe na gan shi lafiya lau na ƙarshe. Ta ce akwai maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe hanya, amma yana da ɗan taƙaitaccen lokaci, in ya wuce ya wuce. Na buɗe baki zan ce jiya, sai hannuna ya taɓa takardar a aljihu. Na fito da ita. Rubutunsa a dama, nawa a hagu. Na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta faɗi maganar da har yau ba ta bar kunnena ba: "Idonsa lafiya ƙalau. Ƙwaƙwalwarsa ce ta daina tambayar abin da ke hagu." Ta ce da alama ƙaramin ciwon ne ya fara zuwa kafin babban. Na tambaye ta, da na kawo shi jiya fa? Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa. Na juya wannan amsa a raina fiye da kowane tarko da na taɓa warwarewa, kuma ban samo mata gida ba.

Hannunsa da ƙafarsa na hagu sun yi nauyi, amma bakinsa bai taɓu ba, kuma ta nan muka sha. In an kawo abinci sai ya cinye rabin faranti na dama, ya ajiye cokali.

"Asibitin nan rowa gare su, Nuhu."

Sai in juya farantin.

"Ah, sun ji kunya sun ƙaro."

Rabi ta iso daga Houston a rana ta biyu. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa. Kalma ɗaya ce ba ta taɓa kuskurenta ba, ita ce "bawana", domin ni ɗan mace ne, ita 'yar namiji, kuma Kawu ya tabbatar ta san haƙƙinta na taubasantaka tun tana ƙarama. Ta shigo ɗakin ta tsaya ta hagunsa tana kiran "Baba, Baba," shi kuwa yana ta waige a dama yana neman inda muryar take. Ta fita baranda ta yi kuka. Da ta dawo ta share ido, ta dube ni ta ce da Turanci, bawan ma ya tsufa, wa zai saye shi yanzu.

Shawarwari kuwa sun zo kamar ruwan Agusta. Mahaifiyata ta kira daga Zariya: "Ku sa mini ƙanena a jirgi. Akwai mai tausa a unguwar nan, ya tayar da waɗanda suka fi shi." Wani ya ce man zaitun, wani habbatussauda, wani abokinsa mutumin Nijar ya kawo zuma. Alhaji Isifu ya kawo rubutu a gorar ruwa, a daidai lokacin da likitoci suka hana Kawu shan duk wani abu mai ruwa-ruwa saboda ƙwarewa. Na rasa yadda zan ce wa dattijo ya mayar. Kawu ne ya raba gardama, ya ce, "Ku shafa mini a kai, ai can ne ɓarnar take." Aka shafa. Ina roƙon 'yan'uwa, duk abin da aka kawo da kyakkyawar niyya a karɓa da godiya, amma kada a ɗura wa mara lafiya kome sai an tambayi masu kula da shi.

A mako na uku aka mayar da shi cibiyar farfaɗo da marasa lafiya, nan cikin Bronx. Daga nan kamfanin inshora ya shigo rayuwarmu. Kowane mako sai sun sake duba ko ya cancanci ƙarin kwanaki, Rabi kuma ta wuni da waya a kunne tana jiran a ɗauka. Wanda ke da tsoho a ƙasar nan ya san takardunsa tun yana da lafiya. Ranar ciwo ba ranar bincike ba ce.

A cibiyar akwai Madam Rosa, wadda aikinta shi ne sake koya wa mutane ayyukan yau da kullum. Takan kawo wa Kawu takarda cike da zanen taurari da ƙararrawa, ta ce ya soke kowace tauraruwa. Ya yi sau biyu ya ajiye alƙalami. Ya ce mini da Hausa, a gabanta, yana mata murmushi, "Gaya mata na rubuta wa jakadu jawabi. Ba zan ƙare da farautar taurari ba." Ya daina ba da haɗin kai, rahotonsa ya fara lalacewa, kwanakin inshora kuma suna tafiya.

Ranar Asabar na kawo masa dara, ina tsammanin za ta faranta masa. Ban yi tunanin cewa wutsiyar kowace jimla kaɗai zai gani ba. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta haɗe.

"Ɗauki wayarka. Rubuta. Wannan mai tarko ya ci amanar masu karatu. Jimlolinsa ba kai, sai gindi. A shekara hamsin da nake wannan wasa ban taɓa ganin rashin adalci irin wannan ba. Ka rubuta?"

"Na rubuta, Kawu."

"Tura."

Na ce masa na tura. Ban tura ba. Na zauna a jirgi ina tunanin wane ne na kare, mai tarkon da bai san muna duniya ba, ko sunan Kawu a wurin mutanen da ke jiran hukuncinsa.

Madam Rosa ta ga takardar a kan gado ranar Litinin, ta tambayi ko mece ce. Da na yi mata bayani sai ta ɗauko jan alƙalami mai kauri ta ja layi daga sama har ƙasa a gefen hagu. Ta ce wa Kawu ba ruwanta da taurari daga yau, amma da sharaɗi: kada ya karanta kowace jimla sai ya juya kai ya samo jan layin tukuna. Ni kuma ta ce in daina zama ta damansa. Kujerata, shayinsa, carbinsa, duk a koma da su hagu.

Kawu ya ce, "Ikon Allah. Shekara saba'in ana buge mini hannu in na miƙa hagu, yau an ce in tafi neman ta."

Haka muka yi makonni. Zai fara karatu daga tsakiya, in ce, "Jan layi, Kawu." Ya yi tsaki, ya juya kai a hankali kamar mai ɗaga kaya, sai rabin jimlar ya bayyana masa, ya ce, "Af." Wata rana kalma uku, wata rana ko ɗaya babu, ya jefar da alƙalami ya juya wa bango fuska. A irin waɗannan ranaku nakan ba shi labarin Kaduna: barandar, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko, mai kawo jarida da kekensa mara birki. Shi kuma ya gyara mini, domin a cewarsa ko tuna baya ban iya ba.

Wata rana ya ce in kawo masa darar nan ta mai cin amana. Ya bi ta da jan layi, jimla bayan jimla.

"Wannan ai aiki ne mai kyau. Nuhu, ka tura abin nan?"

"Ban tura ba."

"Ka saɓa mini."

"Na saɓa."

"Allah ya yi maka albarka. Kada ka sake."

Da kwanakin cibiyar suka zo ƙarewa aka kira mu taro. Ma'aikaciyar walwala ta faɗi gaskiya ba ɓoyo: mutumin da ba ya lura da hagunsa ba zai zauna shi kaɗai ba. Zai bar wuta a kunne a murhun hagu, zai shiga titi mota na tahowa. Ko gidan kula da tsofaffi, ko Houston wurin Rabi. Rabi ta riga ta gyara masa ɗaki a ƙasa, ba hawa. Ni ma, in faɗi gaskiya, hankalina ya fi kwanciya da hakan, kuma har yau ban san ko don shi ne ko don in huta ba.

Kawu ya saurare mu duka, sannan ya dubi 'yarsa. "Rabi, a ɗakin nan uwarki ta cika. Daga tagar nan nake ganin an buɗe ƙofar masallaci. In kin kai ni inda ba na jin Hausa a kan titi, gawa kika ɗauka, sai dai mai cin abinci."

Aka tsaya a kan cewa za a sallame shi gwaji. Madam Rosa za ta zo gidan ranar Asabar da hantsi, ta ga ya dafa shayi da kansa, ya sauka, ya tsallaka titi zuwa masallaci. In ta gamsu, ya zauna. In ba ta gamsu ba, ya bi Rabi, kuma ya yi alkawari ba zai yi musu ba.

Da safen na zo da ƙosai da koko kamar da. Na fito da darar, na ɗauko jan alƙalami, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar shi. A kan titi wa zai ja mini layi?"

Ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Ni ina hagunsa, Rabi na kicin tana wanke kofunan da ta riga ta wanke. Ya daɗe ƙwarai. Rubutunsa ya karkace, ba kamar da ba, amma ina ganin kansa na juyawa, yana komowa, yana juyawa. Can ya rufe alƙalami ya turo mini takardar.

A cike take, sai kalma ɗaya. Kuma kalmar tana can ƙasa, a kusurwar hagu.

Rabi ta zo ta tsaya a bayana, na ji ta ja numfashi. Duk wannan wahala, ga shi kusurwar ta sake ɓace masa, kuma Madam Rosa na hanya. Na rasa ko in nuna masa, ko in yi shiru in bar Madam Rosa ta gano da kanta a kan titi.

"Me kuke kallo haka kamar an yi mutuwa?"

"Kawu, akwai wani wuri a nan..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya juya kai, ya ɗaga hannun nan mai nauyi, na hagu, ya ɗora yatsa daidai kan gidan farko da ba kome.

"Gida bakwai, a tsaye. Na san amsar tun kafin kokona ya huce. Ragowarka ce, Nuhu. Ko ka girma da cin ragowa?"

Rabi ce ta amsa, kuma da Hausa, cikakkiyar jimla, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba: "Bawana, ci ragowarka mana."

Madam Rosa ta zo. Ya dafa shayi, ya kashe murhu, ya sake dubawa. A bakin titi ya tsaya ya juya kai hagu, ya daɗe, har wani mai mota ya tsaya yana masa alamar ya wuce, Kawu ya ƙi sai da fitilar titi ta ba shi hannu. Madam Rosa ta amince, da sharuɗɗa: mai taimako da safe, sanda, kuma kada ya sauka bene shi kaɗai. Alhaji Isifu ya ɗauki nauyin rakiyar masallaci, yana tafiya ta hagunsa yana masa surutu don dole ya waiga.

Ba zan ce ya warke sarai ba. In ya gaji hagun kan sake dushewa, kuma sharhinsa yanzu faɗa yake yi ina rubutawa. Na gode wa Allah, na gode wa Madam Rosa da matar da ta ba da rigar sanyinta, da jama'ar masallacin Tremont da ba su bar mu da yunwa ko kaɗaici ba, da Hadiza da ta riƙe gida ina yawon asibiti. Ga 'yan'uwa kuma: in tsohonku ya ci rabin faranti, ko ya gyara rabin gemu, ko ya dinga bugun ƙofa da kafaɗa ɗaya, kada ku nemo wa abin kyakkyawar fassara kamar yadda na yi. Ku kira motar asibiti a lokacin, ko da yana dariya, ko da ya ce kun raina shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya.

Har yanzu ina hawa wurinsa duk Asabar. In ya turo mini takardar, ba na ɗaukar alƙalami sai na ce ya nuna mini ragowar da yatsansa. Yakan yi tsaki, ya ce yaron da ya yi wa wanka ne yau yake masa jarrabawa. Sannan ya nuna.